Kafin Mu Rataya Hitar Ruwa A Bangon Banɗaki



Idan damina ta kankama a nan Legas, musamman Yuli da Agusta da gari ke wayewa da yayyafi, maganar ruwan zafi takan dawo gidajenmu. Yara 'yan makaranta sai sun yi wanka tun biyar na asuba saboda cunkoson hanya. Maigida yana sauri ya kama hanyar Mile 12 ko Apapa. Ga tsohuwa ta zo daga gida ganin jikoki, ita kuwa ko alwala ba ta yi da ruwan sanyi. Duk wannan aiki a wuyan uwargida yake, ko babbar 'yarta: a ɗora tukunya a kan gas, a jira, a sauke, a ratsa tsakar gida da tafasasshen ruwa yara na gilmawa, a sake ɗora wata. Shi ya sa da yawa daga cikinmu da Allah ya hore wa suka koma saka hitar bango, wato tankin nan da ake ratayawa a banɗaki yana dafa ruwa da lantarki. Ni ina goyon bayan haka ƙwarai. Abin da ba na goyon baya shi ne yadda muke sayenta.

Yawancinmu tambaya biyu muke yi a shago: nawa ce, kuma wacce ce babba. Mai hali ya ɗauki mai lita 80 ko 100 don kada a ce ya gaza, mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki mafi araha, sannan dukansu biyu su kira yaron da ya fi sauƙin kuɗin aiki ya haɗa musu. A ganina an juya abin. Girman hita, bokitan wankan gidanka ne za su faɗa maka shi. Irin da za ka saya, wutar unguwarku ce za ta zaɓa maka. Kuɗin da bai kamata a yi ƙwauro a kansa ba kuwa shi ne na haɗawa, domin a nan rai yake.

Mu fara da bokiti, tunda da shi akasarinmu muke wanka ko da akwai shawa a banɗakin. Hita takan kai ruwa wajen digiri 60 na zafi. Ba mai iya watsa wannan a jikinsa, dole sai an sirka. Ruwan tankinmu na sama a nan kudu yakan tsaya wajen digiri 25, ruwan wanka mai daɗi kuma wajen digiri 40 ne. Idan ka lissafa, a kowane bokiti ƙasa da rabi ne ruwan zafi, saura duk na sanyi. Ke nan lita 30 na ruwan hita suna ba da kusan lita 70 na ruwan wanka. A bokiti mai cin lita 15 zuwa 20, wannan wankan mutum huɗu ne a takarda. A aikace ka ce uku zuwa huɗu, saboda kana buɗe famfon zafi ruwan sanyi na shiga tankin ta ƙasa, bokitin ƙarshe ba ya kai na farko zafi. Da wannan lissafi, mai lita 15 ta ishi miji da mata, mai lita 30 ta ishi ƙaramin iyali, mai lita 50 kuma za ta fitar da mutum biyar ko shida a jere.

Kalmar "a jere" ɗin nan ita ce mutane ke tsallakewa. Mai shago zai tambaye ka mutum nawa ne a gidanka, ka ce tara, ya nuna maka mai lita 100. Alhali mutum taran nan ba lokaci ɗaya suke wanka ba. Yara huɗu da asuba, maigida wajen bakwai, mata sai sun kammala aikin safe. Tsakanin waɗannan lokuta hitar tana sake ɗumama abin da aka ɗiba. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu ƙarfinsu wat 1,500 ne ko kusa da haka. A wannan ƙarfi, mai lita 30 tana ɗaukar kamar minti 50 ta kai ruwan sanyi digiri 60, mai lita 50 awa ɗaya da minti 20, mai lita 80 kuwa sai ta haura awa biyu. Wato babbar hita tana da nata wulaƙancin: an kawo wuta ƙarfe huɗu na dare, an ɗauke biyar, mai ƙaramin tanki ya sami ruwa mai zafi, mai babban tanki ya sami ruwa mai ɗumi-ɗumi. Saboda haka ka ƙirga waɗanda ke shiga banɗaki ɗaya bayan ɗaya a cikin awa mafi cunkoso a gidanka, wannan adadin ne naka.

Gidan da ake wanka da shawa lissafinsa daban ne. Shawa mai ƙarfi na iya zubar da lita goma a minti guda, saurayi ɗaya mai son jiƙa jiki zai iya shanye abin da zai ishi ƙannensa uku. Irin wannan gida ko dai a ƙara girman tanki, ko a koma bokiti da safe. Ni na biyun nake ba da shawara, ya fi sauƙi a aljihu.

Ga wanda ya gina gida mai banɗaki biyu ko uku, musamman mai iyali fiye da ɗaya, ƙananan hitoci biyu sun fi babba guda ɗaya da aka ja mata bututu tana zagaya gida. Duk ruwan da ya kwana a dogon bututu hucewa yake yi, sai ka zubar da shi kafin mai zafi ya iso, kuɗin wutar da ya dafa shi kuma ya tafi. Ban da wannan, idan kowane ɓangare yana da tasa, ba a wayi gari da maganar wane ɗaki ne ya ƙarar da ruwan zafi ba. Mai mata biyu ya fahimci abin da nake nufi.

Sai maganar kuɗin wuta. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ɗaga farashin 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya ɗan sauko zuwa wajen 209, kowa ya koyi leƙa mita. Dafa lita 30 daga digiri 25 zuwa 60 yana cin yunit ɗaya da ɗan ɗori, kimanin 1.2. A farashin rukunin A na 2024 wajen naira 250 ke nan. Idan sau biyu ake yi a rana, a wata ya kama wajen naira 15,000. Mai lita 80 cikinta guda ya haura yunit uku. Gaskiya ne idan ba ka ƙarar da ruwan ba, sauran zafin yana nan a tanki, ba duka ka yi asara ba. Amma tanki yana hucewa a hankali ko ba a taɓa shi ba, kuma gwargwadon girmansa gwargwadon abin da yake zubarwa. Babban tanki kan zubar da zafin da ya kai yunit guda ko fiye a kwana ɗaya, ba wanda ya yi wanka da shi. Tara wannan a shekara ka gani.

Wani zai ce to ai gara a ci gaba da tukunya a kan gas. Ban raina wannan magana ba. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki, sai dai wajen rabinsa a gefen tukunya yake tsiyayewa ya bi iska. Abin da ke shiga ruwa bai wuce na yunit shida zuwa bakwai ba. Kowa ya san nawa yake sayen kilo a unguwarsu, ya san nawa yake sayen yunit, sai ya kwatanta. Ga ɗan rukunin A tazarar ba ta da yawa, ga wanda ke ƙaramin rukuni lantarki ya fi sauƙi idan akwai shi. Amma lissafin naira bai ƙirga bayan matar da ke tashi ƙarfe huɗu ba, bai kuma ƙirga yaron da tukunya ta kife masa a ƙafa ba. Mu maza da ke riƙe da kuɗin cefane mukan manta da wannan ɓangaren, tunda ruwan a bokiti muke tarar da shi.

Yanzu irin hitar. Akwai wadda ba ta da tanki, ƙaramin akwati ne a kusa da shawa, ruwa na wucewa tana dafa shi nan take. Tana da kyan gani, ba ta cin wuri, ba ta dafa abin da ba a buƙata, kuma masu shago suna son tallata ta. Ga akasarin gidajenmu ba na ba da shawararta, ga dalilaina. Kafin ta dafa ruwa a cikin daƙiƙu sai ta ja wuta mai yawa, daga wat 3,500 har 7,000 ko fiye, wato ninki biyu zuwa biyar na mai tanki. Siririyar wayar da ke cikin bangon tsohon gidan haya ba a yi ta don wannan ba, zafi za ta yi har ta narke. Tana son ruwa mai ƙarfi, tankin sama da bai yi tsayi ba kuwa ba ya ba da ƙarfin, sai ta ƙi kamawa ko a ƙara mata ɗan injin turo ruwa. Idan wuta ta zo ba ƙarfi, ruwan ma ba zafi. Babban aibinta a wajenmu shi ne sai da wuta a daidai lokacin da kake wanka. An ɗauke kana da sabulu a ido, shi ke nan. Mai tanki kuwa kamar fulas ɗin shayi take, ta dafa da dare lokacin da aka kawo wuta, ta riƙe maka har asuba. A ƙasar da ba ka san yaushe za a kawo ba, abin da ke ajiya ya fi abin da ke jira. A nan ne kaɗai nake yarda mutum ya ɗan haura lissafin bokitinsa: idan wutar unguwarku sau ɗaya take leƙowa a yini, ɗauki mai lita 50 ko da 30 za ta ishe ka, don cika ɗaya ya kai ka har dare.

Kada kuma wani ya sa rai da janareto ko inbata. Ƙaramin janareton nan da ke kowane lungu ko wat 1,000 bai kai ba, hita mai 1,500 kashe shi za ta yi nan take. Batirin inbata na gama-gari mai lamba 200 abin da ake so a ɗiba a cikinsa ba tare da an illata shi ba bai wuce yunit ɗaya da ɗan ɗori ba, daidai abin da cika ɗaya na lita 30 ke ci. Wanka ɗaya, gida ya kwana a duhu. A gaya wa mai wayarin tun farko ya cire layin hita daga kan inbata.

Wanda gidan nasa ne, ba haya ba, ya duba hitar rana. Ba faifan sola mai ba da lantarki nake nufi ba, wannan tanki ne da ake girkawa a kan rufi da jerin bututan gilashi, rana ce ke dafa ruwan kai tsaye, ba ruwanta da mita. Akwai masu lita 100 zuwa 300. Kuɗin farko ya fi yawa, rufin kuma sai mai ƙarfi, kuma a kwanakin da hadari ya rufe Legas zafinta na raguwa, shi ya sa wasu ke zuwa da ƙarfen lantarki na taimako a ciki. Duk da haka ga babban gida tana biyan kanta. Wanda ke gini a gida Arewa, inda rana ta fi ta nan kuma sanyin hunturu ya fi cizo, bai kamata ma ya yi dogon tunani ba. Hitar gas ta bango kuwa abu ɗaya zan faɗa a kanta: ba a saka ta cikin rufaffen banɗaki. Iskar da take fitarwa idan wuri ba ya shan iska ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki ce.

A wajen saye, ko a Alaba ne ko a kasuwar kayan gini ta Orile, araha ba ta ado. Abin da ya bambanta hita mai kyau da ta banza duk a ɓoye yake. Na farko kaurin soson da aka cusa tsakanin tankin ciki da murfin waje, shi ke riƙe zafi. Idan hita na aiki ka dafa jikinta ka ji zafi sosai, kuɗinka ne ke fita. Na biyu rufin cikin tankin, wanda ake shafe shi da wani fenti mai tauri kamar gilashi don kada ya yi tsatsa. Na uku wata sanda ta ƙarfen maganiziyom da ke ciki, aikinta ta jawo tsatsa kanta, ita ta cinye a bar tankin. Tana ƙarewa, tankin ya fara ci. Inda ruwan bohol ke da gishiri ko yake barin jan tabo a tayil, kamar yadda ake fama a wajajen Lekki da Ajah, sandar na saurin ƙarewa, ya kamata a buɗe a duba ta duk shekara ko shekara biyu. Ka tambayi mai shago ko ana samun wannan sanda da ƙarfen dafa ruwan idan sun lalace. Idan ya tsaya yana kallonka, ka ƙara gaba. Ka karɓi rasit mai sunan shago da takardar garanti, domin manyan sunaye su ne aka fi yi wa jabu. Ta gwanjo kuwa ban ga dalilin sayenta ba. Ba ka ganin cikinta, ba ka san shekarun da ta yi tana tsatsa ba, wasu ƙananan da ke zuwa daga Amurka ma na wutar 120 ne, tamu kuwa 230 ce.

Na zo kan abin da ya sa na zauna na yi wannan rubutu. Hita ita ce wuri ɗaya a gida da aka haɗa ruwa da lantarki a tukunya guda, mutum kuma yana tsaye ƙarƙashinta ba takalmi, jiki a jiƙe, ƙasa a jiƙe. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa hanya take ba ta. Wutar da ke kunna ƙaramin ƙwan fitila ɗaya ta isa ta tsayar da zuciya idan ta ratsa ƙirji. Ƙarfen da ke dafa ruwa yana tsufa, wata rana rufinsa zai tsage wuta ta shiga ruwa da jikin tanki da kan famfo. A ranar abu biyu ne ke tsakaninka da ita.

Na farko wayar ƙasa, wadda ke tashi daga jikin hita ta tafi sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, don wutar da ta ɓalle ta bi can maimakon ta bi jikin mutum. Tsofaffin gidajen haya da yawa ba su da ita, wasu akwai wayar a soket amma ba ta kai ko'ina ba, a bango ta ƙare. Ganin waya mai launin kore da rawaya bai isa ba, a sa mai wayarin ya gwada da na'ura a gabanka. Na biyu na'urar katse wuta mai jin zurarewa, wadda masu aikin ke kira ELCB ko RCD, za ka ga an rubuta 30mA a jikinta. Da zarar ta ji wuta na fita ta wata hanya da ba tata ba, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Bireka ta gama-gari da ke akwatin wutar gida ba ta yin wannan aiki, ita waya take karewa daga ƙonewa, mutum zai iya mutuwa ba ta motsa ba. Wannan na'ura tana da ɗan maɓallin gwaji, a riƙa danna shi duk wata a ga ta katse. Kuɗinta bai kai rabin kuɗin hita ba, amma ita ce abu na farko da ake cewa a bari sai an samu hali.

Bayan waɗannan, hita ta sami layinta ita kaɗai daga akwatin wuta, da waya mai kauri 2.5 ta jan ƙarfe zalla, ba a jona ta a soket ɗin da firji ke kai ba. Makunninta ya zama irin mai katse wayoyi biyu, a kafa shi a wajen banɗaki inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba. A koya wa kowa a gidan, har yara, a kashe kafin a shiga wanka. Wannan ma wata falala ce ta mai tanki, za ka iya kashe ta ka yi wankanka da ruwan da ta ajiye. Idan kuma wani a gidan ya ce yana jin famfo na ɗan tsikararsa, kada a ce ai haka yake yi. A kashe, kada a sake kunnawa sai an duba. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma wanda aka yi wa gargaɗi da tsikara har sau uku ya ci gaba da wanka, sakaci ya yi.

Ɓangaren mai aikin famfo ma akwai nasa tarkon. Kowace hita tana zuwa da wani ɗan bawul da ake ɗaurawa a bututun ruwan sanyi inda yake shiga tanki. Ruwa idan ya yi zafi kumbura yake yi, a tanki mai lita 50 ƙarin ya wuce rabin lita, bawul ɗin nan ne ke ɗiga shi waje. Sai maigida ya ga ɗigo ya ce aiki bai yi kyau ba, mai aiki kuma don a rabu lafiya ya toshe bakin, ko ya cire bawul ɗin ɗungurungum. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ɗigon nan shi ne aikinsa. Ranar da abin da ke kashe hitar idan ruwa ya kai zafinsa ya lalace, ruwa zai yi ta zafi a rufaffen tanki har ya wuce tafasa, tururi kuma yana neman wurin da ya ninka na ruwa fiye da sau 1,500. Tankin da ba shi da mafita fashewa yake yi da ƙarfin da ke rusa bango. Maganin ɗigo ɗan tiyo ne a ja shi zuwa magudana. Bututun ruwan zafi kuma a sa koren nan da ake haɗawa da wuta, wanda ake kira PPR, domin farin bututun roba na gama-gari laushi yake yi ya saki. Sannan a tuna da nauyi: lita ɗaya kilo ɗaya ce, mai lita 50 a cike ta fi buhun siminti, mai 80 ta kai buhu biyu. Bulonmu mai rami ne, ƙusoshin roba ba za su riƙe ba, sai manyan notina masu kama bango. Kada a rataya ta saitin inda ake tsayawa wanka.

Wani abu da ke kashe hita da wuri a nan shi ne kunna ta babu ruwa. Tankin sama ya ƙare saboda ba a samu wutar buga ruwa ba, aka kawo wuta makunni na kunne, ƙarfen ya ƙone a bushe cikin mintuna. Kafin a kunna, a buɗe famfon zafi a ga ruwa na zuwa sosai.

Game da yawan zafin da za a saita, na ji masu cewa a rage shi can ƙasa don tsimin wuta. Kada a sauka ƙasa da 60. Akwai wata ƙwayar cuta mai kama huhu da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a tanki, tsakanin digiri 20 zuwa 45, an gano ta ne bayan ta kashe mutane a wani taron tsoffin sojoji a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976. Digiri 60 na kashe ta. Amma ruwa mai digiri 60 yana saɓule fatar yaro cikin daƙiƙu kaɗan, don haka dokar gida ita ce a fara zuba na sanyi a bokiti sannan a ƙara na zafi, kuma ƙaramin yaro ba ya haɗa ruwa da kansa. Haura 60 ɗin kuma ɓarnar wuta ce kawai.

Na san za a tambaye ni wankan jego. Hita ba za ta ba da tafasasshen ruwan da iyayenmu mata ke so ba, kuma bai dace a sayi mai lita 100 saboda kwana arba'in ba, a yi ta biyan kuɗin wutarta shekara da shekaru. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka yi rubuce-rubuce suna nuna damuwa kan tsananin zafin wankan da yawan kunun kanwa ga zuciyar mai jego. Wannan magana ce tsakanin mai jego da iyayenta da likitanta, ni dai na ce ruwan hita da aka sirka ya wadatar.

Ga 'yan uwanmu samari da ke kwana ɗaki ɗaya a kasuwanni da garejoji, waɗanda hitar bango ta yi musu nisa: ƙaramar hitar nan ta tsomawa a bokiti ita ce mafi haɗari a duk abin da na lissafa. Ba wayar ƙasa, ba ta kashe kanta, hannunta na roba kan tsage, mutum kuma ya tsoma yatsa ya ji ko ruwa ya yi. Idan dole ne sai an yi amfani da ita, a zare daga soket kafin a taɓa ruwan, kada a bar ta a kunne a fita, kada a sa ta inda yaro zai kai. Butar lantarki mai kashe kanta ta fi ta aminci nesa ba kusa ba, buta biyu sun sirka bokiti.

Saura maganar haya, tunda mafi yawanmu a nan 'yan haya ne, kuma irin wannan ƙorafi yana zuwa gaban shugabanni ba sau ɗaya ba. Kafin ka huda bangon mutum ka nemi izininsa, a kuma rubuta tun ranar cewa hitar taka ce, za ka cire abarka idan za ka tashi, ka gyara wurin. Idan mita ɗaya kuke sha da maƙwabta ana raba kuɗin kati daidai, ka sani hitarka kaɗai na iya cin yunit 70 a wata, haƙƙin mutane ne kake wanka da shi. Ko dai ka sa ƙaramar mita a layinka ka riƙa biyan abin da ka sha, ko ku zauna a ƙara maka kaso da yardar kowa. Mu baƙi ne a unguwannin nan, rigimar mutum ɗaya da maƙwabcinsa sunan al'umma duka take ɗauka. Wasu masu wayarin kuma za su raɗa maka cewa za su ɗauko wa hitar wuta ta bayan mita. Wannan satar wuta ce, laifi ne a dokar lantarki ta 2023, kamfani kuma idan ya kama tara yake ɗorawa mai nauyi. Ban da haka, layin da aka ɗauko ta bayan mita yawanci bai bi ta kowace na'urar katse wuta ba, kai tsaye yake daga turke zuwa banɗakin da 'ya'yanka ke wanka.